Tashar Jirgi a Kan Tsumma

Duk wanda ya saba bin layin da ke bayan tashar jirgi a Funtua ya san shagon Mannir Mai Firintin, ko da bai san mai shi ba, domin shi ne shagon da ƙofarsa ta sha ɗigon fenti kala-kala har ba a gane asalin launinta. Mannir ɗan marigayi Malam Abdulmutallib ne, wanda ya yi aikin awo a fulotin auduga, wurin da manoma ke kai audugarsu a saya, tun lokacin da auduga ke da daraja. Tun yana firamare aka san shi da zane, shi malamai ke kira ya zana musu taswira a allo. Da ya gama sakandare ya tafi Zariya ya koyi buga rubutu da hoto a jikin yadi. Ya dawo gida da firam ɗin katako, da robar jan fenti, da kuma taurin kai, wanda dangi suka ce wannan kam ba a Zariya ya samo shi ba, a gida ya gada.

Aikin nasa ba shi da wuyar bayani. Ana ɗaure wani ƙyalle mai ƙananan huji kamar rariya a jikin firam, a shafe shi da magani a cikin duhu, a ɗora zane a kai, sannan a fito da shi rana. Inda rana ta taɓa sai ya toshe, inda zanen ya kare kuwa sai ruwa ya wanke shi ya buɗe. Daga nan a kifa firam ɗin a kan yadi, a zuba fenti, a ja da roba, zane ya fito. In an gama a goge robar da tsumma. Tsummokaran shagon duk tsofaffin zannuwan mahaifiyarsa ne, wadda kowa a gidan ke kira Tsohuwa.

Shagon ba nasa ba ne. Na ƙanin mahaifinsa ne, Alhaji Shitu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ke sayen masara da kaka ya ajiye sai ta yi tsada. Ya ba Mannir shi ne ba haya, don zumunci. Shekara da shekaru Mannir yana cin abinci a ciki: bajon rigunan makaranta, lambobin rigunan 'yan ƙwallo, huluna da tutoci in siyasa ta kankama. Da haka ya yi aure, da haka yake riƙe da matarsa Mansura da 'ya'yansu da Tsohuwa. Sai ga manyan injuna sun shigo gari, masu fitar da hoton mutum da kalarsa kafin ya gama shan ruwa, har makarantu ma suka koma can. Da aka gama zaɓen da ya wuce, aiki ya ɗauke cak.

Wata rana da bazara Alhaji Shitu ya biyo ta layin, ya tarar da Mannir miƙe a kan benci, hula a kan fuska.

"Mannir, wannan shago ne ko zaure?"

Mannir ya tashi da sauri yana gyara hula. "Sannu da zuwa, Baffa. Kasuwa ce ta ja baya. Tun da aka gama zaɓe..."

"Zaɓe sai an jima za a sake. Masara kuwa kowace shekara tana zuwa. Na ba ka wurin nan don ɗan'uwana, ban ba ka don ƙailula ba. In kaka ta yi na zo na same shi haka, buhuna ne za su shiga. Kai kuma ka biyo ni kasuwa ka riƙa rubuta mini suna a jikin buhu. Ai ka iya rubutu."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi yi wa Mannir ciwo. Mutumin da ya zana taswirar Afirka a allo ba tare da ya duba littafi ba, shi za a ce ya koma rubuta "A. Shitu" da bula a jikin buhu.

Dabarar da ya ga za ta fid da shi, a waya ya same ta. Yana zaune yana duba bidiyoyi sai ya ci karo da wata Baturiya a can ƙasarsu, tana jan roba a kan firam irin nasa sak. Abin da take bugawa ƙyalle ne na goge kofin shayi da kwanuka, da hoton gadar garinsu a jiki, mutane kuma suna layi suna saye. Mannir ya kalla, ya sake kalla. Funtua tana da tashar jirgi, tana da dutse, tana da ƙofar kasuwar hatsi. Shayi kuwa, babu lungun da ba a dafa shi. Kuma babu gidan da ba a wanke kwano. Abin da ya fi burge shi shi ne ƙyallen goge-goge ƙarewa yake yi: a saya, a goge, ya tsufa, a dawo a sake saye. Ba sai an jira zaɓe ba.

Ya kai wa Mansura labarin tana tankaɗe.

"Tsumma za ka sayar ke nan?" ta ce.

"Ba tsumma ba. Ƙyallen goge kofi."

"To mene ne bambancinsu?"

"Wannan sabo ne, da hoto a jiki."

"Sabon tsumma," in ji Mansura, ta ci gaba da tankaɗenta. "Ni dai na san kayan aro ba ya rufe katara. Amma kawo, zan kalmashe maka baki a keken ɗinki."

Ya tafi kasuwa wurin masu yadi ya ce a yanko masa farin akoko mai yawa. Mai yadin ya ajiye almakashi, ya gyara murya.

"Allah ya jiƙan musulmi. Wa aka rasa?"

"Ba wanda ya rasu."

"To makarar unguwa ce kuke yi wa tanadi?"

Mannir ya yi masa bayani. Mai yadin ya saurara har ƙarshe, ya yanka, ya naɗe, ya ce Allah ya ba da sa'a da irin muryar da ya yi ta'aziyyar da ita.

Damina ta faɗi a kan aikin. Ya zauna tsallaken titi ya zana tashar jirgi da hannunsa, rufinta da dogayen ƙarafa da bishiyar da ke gefe. Amma firam rana yake so, kuma da zarar ya fito da shi sai hadari ya taso daga gabas kamar an aika masa. Ya ɓata magani ba kaɗan ba kafin ya samu rana mai kyau. Da zanen ya fito kuwa, ya fito. Shuɗi ne a kan fari, tsaf. A ƙasa ya sa "Funtua Garinmu", a kusurwa kuma da ƙananan baƙaƙe, "Don goge kofi da kwano", saboda kada wani ya ruɗe.

Na farko Tsohuwa ya kai wa. Ta shimfiɗa shi a cinya, ta shafa, ta kai kusa da ido.

"Tashar nan ce. Ga inda muke tsayawa mu tari babanku. Allah ya yi maka albarka." Ta fara naɗe shi, ta nufi akwatinta.

"Tsohuwa, ina za ki kai shi? Na madafi ne. Kwano za ki riƙa gogewa."

Ta tsaya ta dube shi kamar ya ce ta dafa tuwo da ruwan zamzam.

"Kai Mannir, a gidan wa ka ga an fara da gogewa? Zani in ya shigo gida sabo, akwati yake kwana. A ɗaura shi ranar suna da biki. In ya kwana biyu ya koma na zaman gida. In ya ƙara laushi a yi goyo da shi. In goyo ya ƙare a shimfiɗa wa yaro. Sai ya gama duk wannan hidimar, ya yage, sannan ya sauka madafi. Tsumma ba sayensa ake yi ba, ɗan nan. Tsufa ne ke kai zani can."

"Ai wannan daban ne. Don haka aka yi shi. Ga shi ma na rubuta."

"Ni na iya boko ne?" Ta buɗe akwati, ta sa shi tsakanin atamfofinta, ta rufe.

Mannir ya ce wannan halin tsofaffi ne. Masu shayi za su gane, tunda sana'arsu ce. Ya ɗauki ɗaya ya kai wa Buba, mai shayin da ke bakin layinsu, kyauta, don mutane su ga yadda ake amfani da shi. Buba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce lalle zai yi amfani da shi. Washegari Mannir ya zo ya tarar da ƙyallen an buga shi da ƙusa a jikin allon da ke saman tebur, sama da gwangwanayen madara. Buba kuwa yana goge kofi da tsohuwar singiletinsa wadda ta riga ta koma launin shayin kanta.

"Buba, me ke nan?"

"Ai ya yi kyau a can, maigida. Jiya har wani direban Legas ya ɗauki hotonsa."

"Na kawo maka don ka goge kofi."

"Da wannan? Haba. In ya yi datti fa?"

"Sai ka wanke."

"In ya koɗe fa?"

"Sai ka zo ka sayi wani. Abin da nake so ke nan."

Buba ya yi dariya, ya miƙa masa shayi. "Kai dai ɗan kasuwa ne. Sha, na ƙara maka madara."

Ba wai ba a saya ba. An saya, jefi-jefi. Abin da ya dami Mannir shi ne inda kayan ke ƙarewa. Ya shiga gaida wani abokinsa ya ga an sa nasa a gilashi an rataye kusa da kalanda. A wani gida an rufe talabijin da shi. Wani ɗan acaɓa ya shimfiɗa nasa a kan tanki, ya sake rufe shi da leda don kada ƙura ta taɓa. Wata malamar makaranta ta sayi wanda ya buga da hoton dutsen Funtua ta aika wa ɗanta da ke karatu a Sudan. Kowane gida guda ɗaya, kuma wannan guda ɗayan, yadda ake lallaɓa shi, sai jikoki sun gada. Mannir ya duba tarin da ke shago, ya duba gonakin bayan gari inda masara ta fara fitar da gemu, ya ga lissafinsa bai fita ba. Ya ƙudura cewa mutane ba su gane ba ne, kuma sai an nuna musu.

Ranar kasuwa ya ɗauki tebur ya kafa kusa da masu sayar da kwanuka. Ya zo da tukunyar Mansura, wadda gindinta ya sha hayaƙin itace. Da mutane suka ɗan taru kallon hotunan da ya baza, sai ya ɗaga ƙyalle ɗaya mai tashar jirgi, ya nuna kowane gefe, ya ce ga amfaninsa. Ya kama gindin tukunya ya murza da kyau, ya sake ɗagawa. Tashar ta koma baƙa ƙirin.

Wani dattijo mai sanda, tsohon ma'aikacin reluwe, ya matso gaba.

"Yaro, ɗan wane ne kai?"

"Ɗan Malam Abdulmutallib mai awo ne, Baba."

"To na san shi. Audugar da ya auna ta wannan tashar take fita. Da ita aka ciyar da kai. Ni kuma a nan na ƙare ƙuruciyata. Yau ita ka ga dama ka shafa wa baƙin tukunya a tsakiyar kasuwa?"

"Baba, ai yana wankuwa. Sabulu kawai..."

"Komai ma yana wankuwa. Fuskarka ma tana wankuwa. In shafa maka?"

Aka yi dariya, amma ba irin wadda ke kawo ciniki ba. Wata mata da ta riga ta zaɓi guda ta mayar da shi kan tebur a hankali. Mannir ya tattara kayansa ya koma, tukunya a hannu ɗaya, tebur a ka. Kafin la'asar labari ya kai wa Alhaji Shitu. Bai zo ba, saƙo kawai ya aiko: an ce ya fara wasan kwaikwayo a kasuwa, to ya sani an fara karyar masara a wajen Dandume.

A cikin wannan hali ne wata rana Keke Napep ta tsaya a ƙofar shagon, wata mata mai jiki ta fito tana gyara mayafi. Ta ce sunanta Hajiya Ladidi, daga Ƙarfi. Ta ga ƙyallen tashar jirgi a ɗakin ƙanwarta a nan Funtua. 'Yarta Aisha Humaira za ta yi aure bayan kaka, mijin a Fatakwal yake aiki, can za su tare. Tana son abin da za ta raba wa mata ranar biki.

"Na gaji da robobi da mafitai," ta ce. "Duk bikin da ka je roba, har mun rasa inda za mu sa su. Akwai wata kuka a bakin gonarmu, inda aka yi fulotin auduga a da. Duk ɗan Ƙarfi ya san ta. Ita nake so ka buga, da sunan yarinya da na mijinta. Kowace mace ta tafi da nata, ita ma ta tafi da kukar garinsu can kudu."

Yawan da ta ambata ya fi duk abin da Mannir ya sayar tun farkon damina. Ya ja mata kujera, ya aika a kawo ruwa mai sanyi. Ta ɗauki ɗaya daga cikin tarin tana juyawa, sai idonta ya faɗa kan kusurwa. Ita ta iya boko.

"Wannan kuma fa? Don goge kofi da kwano?"

"Amfaninsa ke nan, Hajiya. Don haka aka yi shi."

"To nawa ban da shi."

"Ai shi ne asalin abin. In an cire, mutane ba za su san..."

"Malam Mannir, tsaya ka ji. Ni zan tara matan Ƙarfi da na Malumfashi, da dangin miji, su ci ado su zo, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa musu tsumma? Kuma da sunan 'yata a jiki, a je a goge tukunya da shi? Har jikokina sai an yi musu gori. Za a ce gidan da aka raba tsumma."

"Hajiya, a ƙasar Turawa..."

"In za ka aurar da 'yarka a ƙasar Turawa sai ka raba. Ni a Ƙarfi zan yi nawa." Ta miƙe. "Ka yi shawara. In ka yarda, ka zo ka ga kukar. In ba ka yarda ba, robobi ba su ƙare a kasuwa ba."

Wani zai ce babu abin shawara a nan. Amma Mannir ya yi kwanaki yana jan ƙafa. A ganinsa, in ya cire wannan layi ya yarda ke nan cewa Tsohuwa da Buba da dattijon kasuwa da ɗan acaɓa duk sun fi shi gaskiya, kuma abin da ya ƙirƙiro ya tashi daga sabuwar sana'a ya koma kayan rabon biki, ɗan'uwan mafici. Ya yi ta maimaita wa Mansura cewa mutanen garin nan ba a iya musu: ka yi musu abin amfani su mayar da shi ado, ka nuna musu amfaninsa su ce ka yi rashin kunya.

Mansura ta bar shi ya gama. "Na tambaye ka mana. Shagon kake so, ko so kake a ce ka yi gaskiya?"

"Duka biyun."

"To Baffa bai ce zai bar maka shago don ka yi gaskiya ba. Yau na ga motar masara ta wuce ta ƙofar gida, har biyu. Ka fara koyon rubuta sunansa da kyau."

Washegari ya hau mota zuwa Ƙarfi. Hajiya Ladidi ta sa aka raka shi bakin gonar. Kukar tana nan tsaye, ƙatuwa, ganyenta ya fara zuba, karan masara jibge a gindinta. Babu sauran alamar fuloti sai wani dakalin siminti da ya rushe. Mannir ya zauna a kansa ya zana, kuma duk da fushin da ke ransa hannunsa bai yi fushi ba. Da ya koma shago ya yi sabon firam. Ya bar kusurwar fayau. Sai da ya daɗe yana kallon wurin kafin ya fitar da shi rana, ranar kuwa, yanzu da ba ya marmarinta, ta fito tarwai.

Ana cikin bugawa Alhaji Shitu ya iso da hantsi, da mota shaƙe da buhuna da 'yan dako a sama. Ya tsaya a ƙofa. Igiyoyi sun ratsa shagon daga bango zuwa bango, ƙyallaye rataye suna shan iska, kore a kan fari, warin fenti ya cika ko'ina. Ya sunkuya ya shiga ƙarƙashinsu, ya tsaya gaban ɗaya, ya ƙura masa ido.

"Wannan kukar fulotin Ƙarfi ce."

"Ita ce, Baffa."

"A nan babanka ya fara awo. Ni nake riƙe masa bakin buhu." Ya ƙara matsawa. "Ka manta kogon da ke gindinta. A nan muke ɓoye furarmu."

"Karan masara ne ya rufe shi."

"To ai sai ka tambaya." Ya kai babban yatsa ya nuna inda kogon ya kamata ya kasance, yatsan ya fito kore shar. Ya dube shi, ya dubi igiyoyin. "Duk na mutum ɗaya ne?"

"Na biki ne. Wata Hajiya a Ƙarfi."

"Bayan shi fa?"

"Wata daga Mahuta ta aiko. Ƙawarta ce. Ita kuma rijiyar ƙofar gidansu take so." Mannir ya faɗi wannan kamar mai ba da labarin rashin lafiya.

Alhaji Shitu ya leƙa waje ya dubi motarsa, ya dawo ya auna shagon da ido.

"Masara dai na riga na sayo, ba zan mayar ba. Za ta shiga daga baya, rabi. Gaban naka ne. Ka nemi tamfol ka raba tsakani, kada ƙura ta ɓata wa mutane kaya. Baɗi kuma mu ga abin da Allah zai yi."

"Na gode, Baffa. Allah ya ƙara girma."

Alhaji yana ta murza yatsansa, yana neman inda zai goge. Mannir ya ga dama ta samu. Ya juya ya zaro ɗaya daga cikin tsohon tarin, mai tashar jirgi, mai rubutun nan a kusurwa, ya miƙa masa.

"Baffa, ga wannan. Goge hannunka."

Alhaji Shitu ya karɓa da ɗaya hannun, ya ware shi, ya kalli tashar, ya gyaɗa kai. Ya naɗe shi da kyau yana kiyaye yatsan mai fenti, ya zura a aljihun babbar riga.

"Zan shimfiɗa a gaban mota," ya ce. Wani ɗan dako ya shigo da buhun farko a ka, Alhaji ya tsayar da shi, ya goge yatsansa a jikin buhun, ya fita yana ba da umarnin inda za a jera.

Mannir ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon bayansa. Ya yi tsaki, ya koma kan tebur. Fenti ya fara daskarewa a bakin roba, sai an goge kafin a ci gaba. Tarin ƙyallayen tashar jirgi yana nan dab da gwiwar hannunsa. Ya miƙa hannu ya tsallake su, ya jawo yagaggen zanin Tsohuwa daga ƙarƙashin tebur, ya goge robar, ya kifa firam a kan ƙyalle na gaba.